Ƙofar Mma Adiza

Jiya muna shan shayi a ofis ɗayanku ya ce mini, "Anti Binta, ai wannan aikin easy ne. Ki danna record, tsohuwa ta yi magana, ki juya da Turanci, shi ke nan." Lokacin bakina cike yake da biskit. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma tunda ku ne za ku karɓi jakar nan a bazarar bana, gara in zaunar da ku tun kafin ku je ku rufe mini ƙofofin da na yi shekaru ina lallaɓawa.

Kun dai san tsarin. Duk bazara, in ɗalibai sun watse hutu, jami'ar da nake wa aiki a Manchester tana buɗe kwas na 'yan makonni a kan al'adun 'yan Afirka mazauna ƙetare da 'yancin faɗar albarkacin baki. Malamai suna da littattafansu, ni kuwa aikina mutane ne. Ni ke bin gidajen tsofaffinmu a Manchester da Birmingham in ɗauki muryarsu, in lallaɓo wanda ya yarda ya zo aji ya zauna gaban ɗalibai, in tsaya kusa da shi ina tafinta. A takardar ɗaukar aiki an ba abin wani dogon suna da ni kaina ban haddace ba. A unguwar Small Heath ta Birmingham kuwa "mai rikoda" ake ce mini.

Malam Isa ne ya koya mini, wani Bazazzagi da ya tsufa yana tafinta a asibitoci da kotuna. Lokacin muna zaune a unguwar Withington, nan Manchester, maigidana yana aikin asibiti, ni kuma ina raka matan da ba su jin Turanci wurin GP, wato likitan unguwa. Aikin farko da ya tafi da ni gidan wani tela ne a Sparkhill, can Birmingham. Zamanmu ke da wuya na zaro rikoda na danna. Malam Isa ya miƙa hannu a hankali ya kashe ta, ya mayar mini da ita cikin jaka, ya ci gaba da tambayar telan lafiyar iyali da labarin ciwon bayansa. Muka sha shayi, muka kalli hotunan jikoki, muka yi sallama ba mu ɗauki ko tari ba. A bas na kasa haƙuri, na ce, "Malam, tun daga Manchester fa muka taso."

"Yau mun zo ne ya gan mu, Malama Binta," in ji shi. "Mu za mu gan shi wani satin."

Da muka koma, sai ya sa ni na rufe ido a tsakiyar falon na lissafa masa abin da nake ji. Na ce ba na jin komai. Ya ɗora mini abin sauraren rikodar a kunne, sai ga gurnanin firji, ga agogon bango, ga na'urar gano hayaƙin gobara da batirinta ya yi sanyi tana ƙara jefi-jefi, ga tukunya tana tafasa a kicin. Kunnen mutum yana yafe waɗannan, rikoda ba ta yafewa. Tun daga ranar ba na zama a falo sai na nemi izinin cire agogo. In kuma na roƙi a kashe firji, makullin gidana nake sawa a ciki, don kada in tafi in bar wa mutane nama yana lalacewa. Sau ɗaya na manta kafin in koyi wannan dabarar, kuma har yau matar gidan tana tuna mini a wurin biki.

Ku buɗe jakar ku gani. Rikoda ɗaya ce, batir kuwa ninki biyu na abin da kuke zaton za ku buƙata, don tsoho ba ya fara ainihin magana sai batir ya kusa mutuwa. Ga safa mai kauri, tunda takalmi a ƙofa ake barin sa, kuma wasu gidajen ƙasansu kamar ƙanƙara. Ga ɗan littafin da nake rubuta wane ɗan wane, wace ce ta rasu, wa ba ya shiri da wa. Ga dabino na tsaraba. Ga kuma fom ɗin neman yarda, takarda ɗaya tak, wadda ta fi duk sauran kayan nauyi. Zan dawo kanta.

Wani tsohon direban bas, mutumin Tamale, shi ne na farko da na yi wa tafinta a aji ni kaɗai, Malam Isa yana zaune can baya. Dattijon ya dubi ɗaliban ya ce yaran nan ba su san wahala ba, an ba su baki sun rasa abin faɗa. Ni kuma da Turanci na ce Baba yana ganin zamaninku ya fi nasa sauƙi. Aka yi murmushi aka wuce. Da aka tashi Malam Isa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Wannan maganar mai daɗi, shi ya faɗe ta ko ke?" Na ce na ɗan gyara ne don kada yara su ji haushi. Ya ce in su ji haushi, da shi za su ji, kuma haƙƙinsa ne a ji haushinsa. Ya koya mini in tsaya taku ɗaya a bayan mai magana, in ya ce "ni" in ce "ni", kada in ƙara gishiri, kada in rage. Ko ban kiyaye don Malam ba, dole in kiyaye don 'ya'yan likitocinmu da injiniyoyinmu da ke zuwa kwas ɗin. Suna jin Hausa sarai, ko da yake da Turancin Manchester suke amsawa, kuma suna zaune ne kawai suna jiran in yi tuntuɓe su ɗaga hannu.

Duk wannan koyo ne, kuma kowa zai iya. Abin da ya sa na zaunar da ku shi ne aikin gidan Mma Adiza. Kafin ku tambaya, ita da kanta ta ce in riƙa ba duk wanda zai karɓi jakar nan wannan labarin.

Mma Adiza 'yar zangon Kumasi ce, ta daɗe a Small Heath. Ba a biki ko suna a unguwar ba tare da tukwanenta ba, wake da shinkafa irin na Gana da yajinta mai sa mutum hawaye yana ƙari. Ba ta da wani muƙami, amma in ta ce "ku karɓi yarinyar nan", to an karɓe ki daga Small Heath har Sparkhill. Rabin mutanen da na ɗauka a Birmingham ta hannunta na same su. Ita kanta kuwa sai da na yi shekaru ina bi kafin ta ce in zo da rikodar.

Na tafi da shugabar kwas ɗinmu, Dokta Marsha, wadda iyayenta suka zo daga Jamaika, mace mai kirki da son aikinta. Malam Isa ya riga ya ajiye aiki saboda ciwon gwiwa. Mma ta yi mana girki kamar za a ɗaura aure. Muka ci muka yi nak, sannan na cire agogo na danna rikoda. Girki na tambaye ta, wa ya koya mata. Ta ce mahaifiyarta. Daga nan magana ta bi hanyarta, ni kuma na yi shiru kamar yadda aka koya mini. Ta ce lokacin da mahaifiyar ta rasu a Kumasi, ita ba ta da takardun zama a ƙasar nan. In ta fita ba za ta iya dawowa ba, ga yara ƙanana. A gida kuwa kowa ya ɗauka ta zama babbar Hajiya a Turai, kunya ta hana ta faɗin gaskiya. Sai ta gaya wa yayanta, Alhaji Seidu, cewa tana kwance a asibiti. Ya yi ta yi mata addu'ar samun sauƙi a waya, a ranar da ya binne uwarsu. Shekaru masu yawa ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta share ido da bakin mayafi. Dokta Marsha ma ta share nata. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, murna nake a ciki, don na san ban taɓa ɗaukar abu kamar wannan ba.

Nan take, kwanukan abinci suna gabanmu ba a ko kwashe ba, na zaro fom. Na karanta mata shi da Hausa tun daga sama har ƙasa, ban tsallake komai ba, har wurin da aka ce za a sa muryar a shafin kwas na intanet kowa ya ji. Mma ta dubi baƙuwar, ta dubi kwanukan, ta gyara mayafinta, ta mai da ido bango inda agogon yake a da. Ta ce, "To, yadda kuka gani." Ta sa hannu.

Dokta Marsha ba ta da laifi, ita ta ga sa hannu. Ni Bahaushiya ce. Na san babu yadda za a yi dattijuwa kamar Mma ta ce wa baƙuwa a'a a cikin falonta, baƙuwar da ta taso daga wani gari, ta ci abincinta, ta taya ta kuka. Kara ta yi mana. Na ga gyaran mayafin, na ga inda ta kai idonta, na kuma san abin da suke nufi tun ina yarinya a gaban kakata. Na dai miƙa mata biro, don ina son muryar, kuma na san takardar za ta kare ni.

Aka sa a shafi a ƙarshen kwas. Ba a yi wata guda ba wani ya yanko daidai wurin maganar asibitin, ta shiga yawo daga waya zuwa waya har ta isa zangon Kumasi. Wata safiya ina shirin fita 'yar Mma, Memuna, wadda take aikin nas, ta kira ni.

"Anti, what have you done?" in ji ta. "Uncle Seidu ya ji. Kwana uku ke nan ba ya ɗaukar wayar Mma. She's not eating, ko kicin ba ta shiga."

Kafin azahar mun cire muryar daga shafin, amma wannan bai dawo da ko ɗaya daga cikin waɗanda suka riga suka bazu ba. A taron da aka kira a ofis wani matashin malami ya yi ta nanata cewa ai ta sa hannu, an karanta mata, kuma kwas ɗin nan a kan 'yancin magana yake, bai kamata mu riƙa ɓoye muryoyin mata ba. Dokta Marsha ta bar shi ya gama, sannan ta juyo ta ce, "Binta, ke kika san mutanenki. Ta yarda ko ba ta yarda ba?" Na ce ba ta yarda ba. Na ce a wurinmu akwai wurin da mutum ba ya iya cewa a'a, kuma ni na kai ta wurin da hannuna. Wanda ba shi da damar ƙi, na ce musu, ban ga 'yancin da aka ba shi ba.

Bazarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Ba wanda ya zage ni, mutanenmu ba sa haka. Telan Sparkhill ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Mahaucin da ya yi mini alkawari tun hunturu ya ce sai ya duba. Wata Hajiya ta ce in Allah ya kai mu, Allah kuwa ya kai mu ban gan ta ba. Har a Manchester labari ya iso, matan da nake raka wa wurin GP a da suka koma gaishe ni a tsaye. Makon da aka ware wa baƙi a kwas ɗin, kujerar gaba haka ta zauna babu kowa. Muka cika lokacin da karatun takardu, ɗalibai suna hamma. Dokta Marsha ta gaya mini a fili cewa in bazara mai zuwa ma haka ne, za a cire wannan ɓangaren daga kwas ɗin gaba ɗaya.

Na je na sami Malam Isa na gaya masa komai. Bai yi mini faɗa ba, wannan ya fi mini ciwo. Ya ɗauki sandarsa muka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham ban haƙuri, don irin wannan ba a zuwa shi kai kaɗai. Albarkacinsa aka buɗe mana ƙofa. Ya yi doguwar magana irin ta manya, Mma tana saurare. Da ya gama ta dube ni.

"Bintu, baƙuwar nan ba ta sani ba. Ke fa?"

"Na sani, Mma."

"To," in ji ta. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Muka ɗan zauna, muka yi sallama. Sai a bas na lura da abin da ya faru. Matar da ko mai kawo wasiƙa ba ya barin ƙofarta hannu wofi, ta bar mu mun fita ko ruwa ba mu sha ba.

A cikin jirgin komawa ne ni da Malam muka tsara dokar da kuka tarar, wadda kuke ƙorafin tana cin lokaci. Ba a fito da fom ranar da aka ɗauki murya. Ba a fito da shi gaban baƙo, ba a fito da shi a kan abinci. Za ku bar wa mutum kwafin muryarsa ya saurara shi kaɗai. Bayan mako guda sai a sake tambaya, kuma ba ku za ku tambaya ba. Wani nasa ne zai tambaye shi, 'yarsa ko amininsa, wanda zai iya ce wa a'a ba tare da ya ji nauyi ba. In amsa ta zo cewa a cire wani wuri, a cire. In shiru ya biyo baya, a'a ke nan, kada ku buga waya kuna tuni. Ofis ya so ya yi gardama, Dokta Marsha ta tsaya mini har aka amince.

Doka ba ta buɗe ƙofa, sai dai ta hana a sake rufewa. Abin da na yi na buɗewa shi ne na ajiye jakar a gida na riƙa zuwa Small Heath hannu biyu. In ana suna ina can, in an yi rasuwa ina can. In Mma tana girkin biki sai in tuɓe mayafi in tsuguna wurin wanke tukwane, ita ba ta kore ni ba, ba ta kuma ce sannu ba. A hankali wani tsohon maɗinkin takalma ya yarda na ɗauke shi. Bayan mako ɗansa ya kira ni ya ce, "Anti, sorry, Baba ya ce a bar shi kawai." Yaron yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa daɗi ne ya kama ni, don ranar na tabbata hanyar tana aiki. Labarin cewa mai rikoda ta karɓi a'a ba ta ɓata rai ba ya zaga unguwa fiye da duk wani ban haƙurin da na yi. Bazara ta gaba mutum biyu suka zo aji, ɓangaren ya tsira da kyar.

Sai da aka shekara biyu. Ina durƙushe kan wata ƙatuwar tukunya a bayan zauren biki, na ji an ajiye kwano kusa da ni. Wake da shinkafa ne, da yaji a gefe. Mma tana tsaye tana goge hannu.

"Na je Kumasi," in ji ta. "Na zauna da Yaya. Ya ce ba rashin zuwan ne ya ƙona masa rai ba, ɗaukar da na yi ba zai gane ba ne. Ya ci abincina kafin in taho." Ta nuna kwanon da haɓa. "Ki ci, ya huce."

Na ci ina sunkuye, don ban so ta ga fuskata ba.

A bazarar ce Memuna ta aiko cewa Mma tana so ta zo aji, amma da sharaɗinta. Ta iso Manchester cikin leshi, riƙe da babbar robar da take zuba shinkafa a ciki, wankakkiya. Ta ajiye ta a kan tebur ta ce kowa ya sa wayarsa a ciki, har Dokta Marsha. Ta ce a ajiye biro. Ta dube ni ta ce, "Bintu, rikodar." Na cire batir ɗin a gabanta na sa a robar. Sannan na koma taku ɗaya a bayanta.

Ta yi fiye da awa guda tana magana. Inda ta ce "ni" na ce "ni", ban ƙara ba, ban rage ba. 'Ya'yan likitocin nan masu jiran tuntuɓena ko ɗaya bai ɗaga hannu ba. A duk shekarun da na yi a wannan aikin ban taɓa jin magana kamar ta ranar ba, kuma babu ita a kowace na'ura a duniya. Da ta gama, wata ɗaliba ta tambaya cikin ladabi ko za ta iya sa wani abu daga ciki a rubutunta na ƙarshen kwas. Mma ta yi murmushi ta ce, "'Yata, yau ke baƙuwata ce, ba zan iya hana ki ba. Ki tambayi Memuna mako mai zuwa."

Na ga bakinku yana motsi, kuna so ku ji abin da ta faɗa. Ni ma na so in riƙa ba da shi. Bayan mako guda na aika ta hannun Memuna, tambayar ɗalibar da tawa a haɗe. Labarin fom ɗin ta ce in ba duk mai karɓar jaka. A kan maganar aji kuwa har yau amsa ba ta zo ba, kuma yanzu kun san abin da shiru yake nufi a aikinmu.

Ku ƙirga batir ɗinku, ku sa safa. Gobe za mu Small Heath gaishe ta, jakar kuma a nan za ta kwana.